Ba Yajin Aiki Kaɗai ASUU Ta Iya Ba

Da an ambaci ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, abin da ke faɗo wa iyaye a rai shi ne yaro zaune a gida wata da watanni, ba karatu ba sana'a. Ba laifinsu ba ne. A 2020 jami'o'in gwamnati sun shafe kimanin wata tara a rufe, a 2022 kuma aka sake rufe su daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Amma akwai wani ɓangare na aikin ƙungiyar da ba kasafai ake maganarsa ba, wato matsa wa masu mulki lamba su yi doka ko su ware kuɗi domin makarantun gwamnati.

Dalilin da ya sa ƙungiyar malamai ba ta iya kauce wa siyasa a fili yake. Ma'aikacin kamfani da mai kamfani yake ciniki. Malamin jami'ar gwamnati kuwa albashinsa, ɗakin gwajinsa, har kujerar da ɗalibinsa zai zauna a kai, duk daga kasafin kuɗi suke fitowa, kasafin kuma shugaban ƙasa ko gwamna ne ke kai shi majalisa. Ko da shugaban jami'a yana son ƙara wa malami albashi, ba a hannunsa abin yake ba.

An kafa ASUU a 1978, kuma tun tana ƙarama ta ɗanɗana kuɗarta a hannun soja. Gwamnatin Janar Babangida ta haramta ta a 1988, ta sake haramta ta a 1992, lokacin Attahiru Jega ne shugabanta. Duk da haka, a yarjejeniyar da aka ƙulla da gwamnati a 1992 ɗin ne ƙungiyar ta ci nasarar da har yau ake cin moriyarta. Gwamnati ta ce babu kuɗi; malamai suka ce to ga inda za a samo: a ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu domin ilimi. Aka yi dokar a 1993, aka kafa asusun da a 2011 ya koma TETFund. Duk wanda ya zaga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ko wata kwalejin ilimi ta jiha, zai ga gine-gine ɗauke da sunan asusun. Malamai da dama da shi suka yi digirin digirgir. Dokar 2012 da ta kai shekarun ritayar farfesa zuwa 70 ita ma ta wannan hanya ta biyo.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnati a 2009 ta zama ƙashin baya ga kusan kowane yajin aiki da ya biyo ta, domin sa hannu daban, cika alkawari daban. A 2013 gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da jami'o'i, ta ba da biliyan 200 na farko, daga nan tafiya ta yi tsami. A 2022 kuwa gwamnati ta nuna ta gano lagon abin: ta riƙe albashi, ta garzaya kotun ma'aikata wadda ta umarci malamai su koma aji, sannan ministan ƙwadago Chris Ngige ya yi wa kishiyar ƙungiya, CONUA, rajista. Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, shi ya shiga tsakani.

A ganina nan ne gyara yake. Yawancin masu yanke hukunci ba a waɗannan makarantu 'ya'yansu suke ba, saboda haka rufe su ba ya hana su barci. Ɗan talaka ne ke kwana a ciki. Abin da ɗan siyasa ke tsoro shi ne ƙuri'a. Ƙungiyar da ta bar iyaye da ɗalibai suna kallonta a matsayin mai hana karatu ta yi asarar babban makaminta.

Kuma ba malaman jami'a ne kaɗai ke da kuka ba. Akwai ASUP ta kwalejojin kimiyya da fasaha, da COEASU ta kwalejojin ilimi, da SSANU da NASU na ma'aikatan da ba sa koyarwa, waɗanda sau da yawa sai an gama da ASUU ake tunawa da su. Makarantun jihohi ma gwamna ne da majalisar jiha ke riƙe da wuyansu, ba Abuja ba.

Mai karatu, in lokacin zaɓe ya zo ɗan takara ya shigo unguwarku neman ƙuri'a, tambaye shi nawa aka ware wa kwalejin jiharku a kasafin bana, nawa kuma aka saki.