Haruffa 150 kacal: Yadda masu sana'a a birnin Zariya za su gabatar da kansu a waya

A cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, maɗinkin babbar riga bai saba tallata kansa ba. An san gidansu, an san wanda ya koya masa aska biyu da aska takwas. Dillali ne ke yin maganar, shi kuwa allura ce tasa.

Waya ta sauya wannan. Mai saye a Abuja ko Yamai bai san kowa a unguwar ba. Abin da yake gani shi ne layi biyu a ƙarƙashin hoto. Instagram haruffa 150 yake bayarwa don bayanin kai, X kuma 160. Idan layukan ba su gamsar da shi ba, ba zai tura kuɗi ga baƙo ba, odar rigar Sallah kuma ta tafi wurin wani.

A nan ake samun cikas. Yaron da ya tashi yana jin cewa yabon kai jahilci ne, kunya takan sa ya cike gurbin da addu'a ko sunan ƙungiyar ƙwallo. Wani kuma ya wuce gona da iri, ya kira kansa sarkin maɗinkan Arewa. Duka biyun ba su faɗa wa mai saye komai ba.

Gabatar da kai ba kirari ba ne. Bayani ne da za a iya tabbatarwa: me ake yi, a ina, cikin kwana nawa. Misali: "Ɗinkin hannu na babbar riga, Birnin Zariya. Aska takwas cikin mako shida. Ana aikawa ta mota." Babu yabo a ciki, amma akwai alkawarin da za a iya kama mutum da shi, shi ya sa bai kamata a rubuta mako shida ba idan aikin na wata biyu ne.

Saƙon farko ma haka. Da yawa sukan tura "Slm" su zauna jiran amsa, kamar mai sallama a zaure. A waya babu mai leƙowa. Gaisuwa tana nan daram, sai dai a haɗe ta da suna, sana'a da dalilin tuntuɓa a saƙo guda.

Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin adireshi da lokutan aiki, a 2019 kuma aka ƙara mata kundin kaya mai hoto da farashi. Wanda rubutu ke ba wuya yana iya naɗar murya ta daƙiƙa 30, ya saurara, ya goge, ya sake, har sai ɗalibin ABU da ke Samaru wanda bai taɓa shiga birni ba zai gane me ake sayarwa da inda zai je ya karɓa.