Gadar da ke Tsakanin Kai da Ƙirji

Duk wanda zai bar Jimeta ya nufi Girei, Song, Gombi, Hong ko Mubi, sai ya gangara bakin Binuwai ya hau gada. Tirelar siminti, Keke Napep cike da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama, motar shanu, mai kai ganye kasuwa, mai tafiya a ƙasa da buhu a ka, kowa a nan zai matse ya wuce. Gari mai faɗi a wannan gaɓa, ƙasa mai faɗi a Hayin Gada, amma mahaɗarsu siririya. Haka wuyan ɗan Adam yake. Kai yana sama da ƙwaƙwalwa da ido da baki, gangar jiki tana ƙasa da zuciya da huhu da ciki, kuma babu abin da zai tashi daga ɗaya ya je ɗaya sai ya ratsa ta wurin da tafin hannu biyu suke iya zagayewa. Bahaushe ya ce komai tsawon wuya kai ne a sama. Gaskiya ne, sai dai kan ba ya sha, ba ya numfashi, ba ya ba da umarni sai da yardar wuyan.

Ginshiƙan wannan gada ƙasusuwa bakwai ne, ɗaya a kan ɗaya, likitoci suna kiransu C1 zuwa C7. Raƙumin dawa ma, duk tsawon wuyansa, bakwai ɗin gare shi. Na farko zobe ne da ƙoƙon kai yake zaune a kansa, a nan ake gyaɗa kai. Na biyu yana da wani tsinin ƙashi da ya shige cikin zoben, na farkon yana juyawa a kansa, kuma kusan rabin waiwayen da mutum ke yi daga wannan gaɓa ɗaya yake fitowa. Sallamar da ake yi dama da hagu a ƙarshen kowace salla yawancinta aikin waɗannan biyun ne. Daga na biyu zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da na kusa da shi akwai faifan guringuntsi mai taushi da ke shanye girgiza, aikin robar da magina ke sawa tsakanin ginshiƙi da shimfiɗar gada. Da shekaru faifan yana bushewa yana siranta, shi ya sa dattijo kan juyo da kafaɗarsa gaba ɗaya idan an kira shi.

Gadar Binuwai tsayawa kawai aka ce ta yi. Wuya kuwa an ɗora masa kai mai nauyin kusan kilo 5, aka ce ya riƙe, ya kuma lanƙwasa, ya juya. Wannan aikin tsoka ne. Juya fuskarka hagu ka shafa gefen dama, za ka ji wata tsoka ta miƙe daga bayan kunne ta sauko saman ƙashin ƙirji. Ita da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen su ne manyan masu juya kai. A baya akwai wata mai faɗi da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu har tsakiyar baya, ita ce ke ƙagewa idan tela ya wuni a kan keke ko direba ya taso daga Gombe bai tsaya ba. A can ciki kuma, ƙarƙashin ƙeya, akwai ƙananan tsokoki da ba sa hutawa, suna gyara zaman kai kaɗan-kaɗan don ido ya tsaya a kan abin da yake kallo.

Wanda yake son ganin wuya yana aikinsa yadda aka halicce shi, ya kalli matan Fulani masu tallan nono suna shigowa gari da safe. Ƙwarya a kan gammo, haɓa a daidai, baya a miƙe, nauyin yana sauka kai tsaye ta cikin ƙasusuwa, tsoka ba ta shan wahala. A 1986 mujallar Nature ta buga binciken da aka yi a Kenya, inda aka ga matan Luwo da Kikuyu suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ƙarfin da suke kashewa ya ƙaru ba. Yanzu a dubi saurayin da ya duƙufa a kan waya. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai sosai, nauyin da wuya ke ji yana kaiwa kusan kilo 27. Ba kai ne ya ƙara nauyi ba, karkacewar ce ta jibga aikin a kan tsokokin baya. Wannan ba ya nufin kayan ka ba shi da iyaka. Ɗan dakon da ake ɗora wa buhun masara a kasuwar Jimeta shekara da shekaru yana cin faifan wuyansa ne, kuma ina ganin wanda ya saya masa baro ya yi masa alherin da ya fi ƙarin kuɗin dako.

Sai masu wucewa. A gaba maƙogwaro ne, hanyar iska, a bayansa bututun abinci. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a bayan baki, don haka aka ajiye mai ba da hannu: wani ɗan murfin guringuntsi da ke rufe hanyar iska duk lokacin haɗiya. Idan mutum yana ci yana dariya, abinci ya riga murfin, sai ya ƙware. Jini yana hawa ta manyan jijiyoyi huɗu, biyu a gefe inda ake jin bugun zuciya da yatsa, biyu kuma a ɓoye cikin ramukan ƙasusuwan wuya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa. A gaban maƙogwaro kuma akwai ƙullin naman da ke daidaita zafin jiki da kuzari. Idan ya rasa sinadarin aidin sai ya kumbura ya zama maƙoƙo, dalilin da ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci.

Amma fasinjan da ya fi kowa daraja laka ce. Kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ramin da ƙasusuwan nan suka yi mata. A wuya kaɗai tana fitar da rassa takwas a kowane gefe. Na ƙasa suna sarƙewa su shiga hannu, shi ya sa mutum zai zo yana kukan yatsunsa suna mutuwa ko suna tsikari, ana ta shafa man zafi a hannun, alhali faifan wuya ne ya zame ya danne jijiya. Rassa na uku da na huɗu da na biyar su ne ke haɗuwa su sauka zuwa tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda ke jawo numfashi. Rauni a sama da nan yana iya tsayar da numfashi nan take.

Lakar tana lulluɓe da tantani ɗaya da ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar cuta ta kumbura tantanin, wuya sai ya ƙi sunkuyawa, ga zazzaɓi ga ciwon kai, wato sanƙarau. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Yola ke haura digiri 40, yake yawan ɓulla. Annobar 1996 ta ci rayuka sama da 11,000 a Najeriya. Wannan ba ciwon kwanciya a kan mugun matashi ba ne, kuma ba ya jiran gobe. A kai mara lafiyar Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a ranar.

Idan gada ta samu matsala, mutanen bakin kogi suna da kwale-kwale, mai mota kuma yana da wata gadar a Numan, komai nisan zagayen. Jinin ƙwaƙwalwa ma yana da irin wannan rangwame, domin jijiyoyin nan huɗu suna haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa, wata takan ɗan rufa wa wata asiri. Laka ba ta da kwale-kwale. Abin da ya tsinke a cikinta, har yau likitanci bai san yadda zai haɗa shi ba.

Wannan ne ya sa hankalina ke tashi idan na ga yadda muke taimakon wanda ya yi haɗari. Mutanenmu ba sa wuce mai rauni, Allah ya saka musu. Sai dai kafin ka ce kwabo an kama hannu an kama ƙafa, kai yana reto, an zaunar da shi, an ɗura masa ruwa, an naɗe shi a bayan Keke Napep. Sau da yawa ƙashin ya tsage amma lakar tana nan lafiya, ɗaukar ce ke iya gocar da ƙashin ya yanke ta. Wanda ya faɗi yana kukan wuya, ko ya ce hannu da ƙafa ba sa jinsa, ko ya suma bayan ya bugu a ka, a bar shi yadda yake sai idan wuta ko mota za ta cim masa, ko numfashinsa ya tsaya. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe shi da tafin hannu biyu ta gefen kunnuwa, kada ya ja, kada ya miƙar da ƙarfi. Wani ya kira 112, ko jami'an kiyaye haɗurra a 122. Idan ba makawa sai an ɗauke shi, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a tare, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a tokare gefen kan da naɗaɗɗen zane, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Mai riƙe da kan kada ya saki sai ma'aikacin asibiti ya karɓe shi.