Mahaɗin Salak Na Riɗi Irin Na Mutanen Japan

Yau kicin ɗinmu zai leƙa ƙasar Japan, mu ga yadda matansu ke haɗa salak ba da kirim na kwalba ba, ba da ƙwai ba, sai da riɗi. Eh, riɗin nan da kika sani, wanda muke yin kantu da shi. Su da yarensu suna ce masa "goma", kamar dai goman lissafinmu. Suna cinsa sosai, amma kusan duka daga waje suke sayowa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ke sayar musu, daga gonakin Jigawa da Nasarawa da Binuwai.

Sirrin mahaɗin nan abu huɗu ne: tsami, gishiri, zaƙi da maiƙo. In suka daidaita, to an gama. Ga abin da za ki tanada don salak ɗin mutum huɗu:

Riɗi, babban cokali 3
Soya sos, cokali 2
Ruwan khal ko na lemon tsami, cokali 2
Sukari ko zuma, cokali 1
Man gyaɗa, cokali 2
Man riɗi, cokali 1
Ɗanyar citta, kamar kan ɗan yatsa

Soya sos wani baƙin ruwa ne da ake yi da waken soya da alkama da gishiri, a bar shi watanni ya ruɓa ya yi ƙamshi, kusan yadda muke yi wa daddawa. Ana samunsa a manyan kantuna. Amma uwargida, in za ki aika a sayo, ki ce a duba wanda aka rubuta "halal" a jikinsa, domin wajen ruɓar nan wani yakan fitar da ɗan burbushin giya. Haka nan in kin ga an ambaci "mirin" a littafin girki, ki bar shi. Giyar shinkafa ce mai zaƙi da suke zubawa a abinci, sukari ko zuma sun isar miki. In ba a samu soya sos ba, ki jiƙa rabin dunƙulen magi da ɗan gishiri a ruwan ɗumi cokali 2.

To, ga yadda ake yi. Ki wanke riɗin ki rege shi saboda tsakuwa, ki shanya ya bushe. Ki zuba a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa kamar minti 3 zuwa 5. Da ya fara tsalle yana ƙamshi, ki sauke ki juye a faranti, don in ya ƙone ɗaci zai yi, kuma ba ya gyaruwa. In ya huce, ki daka shi har ya fara fitar da mai, amma ki bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Su can suna da ƙaramin turmin tangaram mai tsage-tsage a ciki da suke kira "suribachi". Turminki na kayan miya ma ya wadatar, in dai babu yaji a jikinsa.

Sai ki samo kwalba mai murfi, wankakkiya busasshiya. Ki fara zuba khal da soya sos da sukari, ki girgiza har sukarin ya narke, domin ba ya narkewa a cikin mai. Sannan ki zuba riɗin da gurzajjiyar citta, mai ya zo ƙarshe. Ki rufe ki girgiza sosai. Ki tsoma ganyen latas ki ɗanɗana. In tsami ya yi yawa ki ƙara zuma, in gishiri ne ki ƙara ɗan ruwa. In kin ajiye kika ga mai ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, sake girgizawa kawai. Kada ki ƙara gishiri, musamman in maigida na da hawan jini, soya sos ɗin kansa gishiri ne.

Kayan salak kuwa, kabeji da karas da kokwamba da latas, ki wanke su ganye-ganye da ruwan da za ki iya sha. Ɗanye za a ci, kuma tsamin khal ba ya kashe dukkan ƙwayoyin taifot da kwalara. In ana annobar amai da gudawa a gari, ki tafasa kabejin da karas ɗin na ɗan lokaci, ki tsane, sannan ki haɗa. Mutanen Japan ma haka suke yi wa ganye, su tafasa shi su cakuɗa da dakakken riɗi, abin da muke ce wa kwaɗo ke nan.

Kada ki zuba mahaɗin sai an zo ci, don gishiri yana janyo ruwan ganye ya yi laushi. Man da ke ciki kuma yana taimaka wa jikin yara ya amfana da sinadarin bitamin A na karas. A firji zai kwana 4 ko 5, in babu wuta ki yi daidai na yini guda.

A ci daɗi lafiya, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.