Dardumar tsumma, maganin sanyin ƙasa

In an gama yankan hatsi da roron wake, an kai amfani rumbu, sai hunturu ya fara kaɗawa. Daga watan Disamba har cikin Fabrairu dare yana sanyi ƙwarai a ƙasar Magariya da ta Dungas. Mutanen da ke zaune kusa da fadamun Korama, wajen Bande da Waca, sun fi kowa sanin haka. Da asuba yashin ɗaki yakan yi sanyi kamar gindin randa.

Mai gida yana da gado, yana da bargo. Yara fa? Galibi tabarma guda ake shimfiɗa masu a ƙasa, su uku ko huɗu, su rufa da zane ɗaya. Tabarma, ta kaba ce ko ta roba, tana tare ƙura amma ba ta tare sanyi. Sanyin ƙasa yana ratsa ta, ya zuƙe ɗumin jikin yaro. Don haka uwa take shigo da kaskon wuta ta rufe ƙofa. Nan kuwa akwai haɗari biyu. Na farko gobara. Na biyu hayaƙin gawayi, wanda yake iya kashe mutum yana barci in ɗaki ba shi da mashigar iska.

Akwai wata dabara da ke rage wannan wahala, ba ta kuma cin kuɗi mai yawa. Ita ce dardumar tsumma, wadda ake yi da tsofaffin tufafi.

Inda tsumma yake ƙarewa

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna mutum fiye da 570,000 a gundumar Magariya, da fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a shekarar 2011. Kowane ɗaya cikin waɗannan mutane yana sa tufa, kowace tufa kuma tana tsufa. Ga teloli a kowace kasuwa, ƙyallaye jibge a gindin keke. Ga kayan gwanjo da ke yagewa bayan ɗan lokaci.

A da, sa'ad da mata suke kaɗi, masaƙa suna saƙa, ba mai zubar da ƙyalle. Riga in ta tsufa a rage ta wa yaro, in ta ƙare a yi majanyi ko gammo ko matatar koko. Yanzu yadi ya yi yawa, rabinsa kuma na roba ne. Tsumman auduga in ya shiga juji yakan ruɓe ya zama taki. Na roba ba ya ruɓewa. Iska tana ɗaukarsa ta watsa bayan gari da cikin gonaki.

Makiyayi ya san sauran labarin. Da rani, in ciyawa ta ƙare, tumaki da awaki da shanu suna lasar duk abin da suka tarar, balle tsumman da ke da gishirin zufa ko ƙanshin miya. Tsumma da leda suna taruwa cikin tumbi su dunƙule. Dabba ta daina cin abinci sosai, ciki ya kumbura, jiki ya rame. Ba maganin sha da ke narkar da wannan dunƙule, sai dai likitan dabbobi ya yi aiki ya fitar. Mahauta suna ganin irinsa in sun feɗe dabba. A shekarar 2014 hukumar Nijar ta yi doka kan shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su. Amma tsumma ba wata doka da za ta tsince shi daga bayan gida, sai masu gidan. Kowane ƙyalle da ya shiga darduma, cikin akuya ya tsira daga gare shi.

Hannu ya riga ya iya

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga hannun mutanen karkara. Macen da ta iya kitso ta iya rabinsa. Wadda ta iya ɗinkin faifai ta iya sauran rabin, domin faifai ma daga cibiya ake fara shi, ana naɗawa ana ɗinkewa. Namijin da ke tufkar igiya ko ɗinkin akumari shi ma ba sai an daɗe ana nuna masa ba. Ko lifidin da dawakin Damagaram suke sawa a zamanin Sarki Tanimun, ƙyalle ne aka cusa wa auduga aka ɗinke har ya yi kauri.

Wasu ƙasashe ma da haka suka fara. A ƙauyukan Maroko, da gashin tumaki ya yi tsada, mata suka koma saƙa darduma da tsofaffin tufafi. Suna kiranta busharwit. Da farko shimfiɗar talaka ce, daga baya baƙi suka riƙa sayenta suna kaiwa Turai. A Amurka kuwa, manoman da can suna kitsa tsumma su naɗe, kamar yadda za a bayyana a nan.

Kayan aiki

Ana bukatar tsofaffin zannuwa da riguna da ƙyallayen tela. Sai almakashi ko reza, da basilla ko babbar allura, da zare mai ƙarfi irin wanda ake ɗinke bakin buhu da shi. Sai sabulu da ruwa. Shi ke nan.

Tukuna a ware na auduga dabam, na roba dabam. Ga yadda ake ganewa. A yanki ɗan ƙanƙane, a riƙe da tsinke, a kanga wa ashana a waje, nesa da danni. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. Shimfiɗar yara a yi ta da auduga, domin roba in ta kama wuta tana liƙewa a fata. Na roba a ajiye shi don abin share ƙafa na bakin ƙofa ko shimfiɗar amalanke.

Wanki kafin yanka

Kada a tsallake wannan. Tsohon tsumma yana iya ɗauke da ƙwarƙwata ko kuɗin cizo ko ƙwayar ƙazuwa. A wanke da sabulu, a sa cikin tukunyar ruwa a tafasa, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Tufar da mai ciwon fata ya sa, in ba a tafasa ta ba, kada ta shiga. Wurin da ya rube har yana yagewa da ɗan ja kaɗan, a yanke a yar. A cire maɓallai da zif da ƙugiya don kada su soki mai kwanciya.

Dardumar kitso

A tsaga tsumma tsawo-tsawo, faɗin kowane tsagi yatsa huɗu, wato kamar santimita 7. In yadin mai kauri ne, yatsa uku ya isa. Atamfa ba ta bukatar almakashi har ƙarshe, a ɗan ɗanɗasa bakin a ja, za ta tsage sak.

A ɗauki tsagi uku, a ɗinke kawunansu wuri ɗaya, a ɗaure jikin turke ko ƙafar gado, ko a maƙale a babban yatsan ƙafa kamar mai tufka. A kitsa su kamar kalaba, ana lanƙwasa gefen da ya tsage zuwa ciki don kada zare ya yi ta fita. Kada a ja da ƙarfi ainun, kada kuma a bar shi sako-sako. In tsagi ya kusa ƙarewa, a ɗora wani a ɗinke. Tun farko a sa tsawon ukun ya bambanta, don kada mahaɗai su faɗo wuri ɗaya su yi ƙulu.

In kitso ya kai gaba biyu ko uku, ana iya fara naɗi. Mai son darduma da'ira, ta naɗe kan kitson kamar cibiyar faifai. Mai son doguwa ta kwanciya, ga lissafinta: a ɗebe faɗi daga tsawo, abin da ya rage shi ne tsawon cibiya. Misali, ana son tsawo kamu 3, faɗi kamu 2. An ɗebe 2 daga 3, saura 1. To, a miƙe kitso kamu 1 a tsakiya, sa'an nan a riƙa kewaye shi.

A yi ɗinki a ƙasa mai shafe ko kan tabarma, ba kan cinya ba. A ninka zare biyu. Basilla ta shiga madaukin wannan kitso, ta fita ta madaukin na kusa da shi, a ja su haɗu. A nan ne sababbin hannu suke kuskure: in aka zo kwana, sai a saki kitson waje ya ɗan yi yalwa. In an matse shi, darduma za ta tashi ta koma kamar malafa. In an sake shi fiye da kima, gefenta zai yi ta lanƙwashewa. Bayan kowane kewaye a dafa ta da tafin hannu. In ba ta kwanta ba, a warware wannan kewayen tun bai yi nisa ba. A ƙarshe a rage faɗin tsagin kaɗan-kaɗan, a cusa wutsiyar ƙarƙashi a ɗinke.

Darduma mai kamu 3 da kamu 2 tana cin kitso wajen gaba 30, wato kamar mita 50. Wannan kuwa tsofaffin zannuwa bakwai ko takwas ne. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Amma ana yinsa ana hira, da hantsi ko bayan la'asar, a ajiye a ɗauka. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai son ado ta tsara launi tun wajen kitso: baƙi ko shuɗi a gefe inda datti ya fi kamawa, ja da rawaya a tsakiya.

Dardumar buhu

Ƙananan ƙyallayen tela ba su kitsuwa. Su ga tasu hanya. A samu buhun algarara irin na gyaɗa, ko na roba wanda aka zuba hatsi. Buhun da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko irin da aka gauraya da magani, kada a taɓa shi ko an wanke. A farke buhu, a yanka daidai girman da ake so, a lanƙwasa bakinsa a ɗinke.

A yanka ƙyallaye, tsawon yatsa ɗaya da rabi, faɗin yatsa biyu. A cusa kowane ɗaya cikin saƙar buhun da kwarashi ko feƙaƙƙen tsinke, a fito da shi ta kusa, kawunan biyu su tsaya sama, a ƙulla. A bi layi-layi, a matsa su har buhu ya ɓace. Wannan tana da laushi da ɗumi, ta dace da tsoho mai ciwon baya. Yara ma suna iya taya yanka da miƙo ƙyalle. Sai dai jariri kada a kwantar da shi a kanta, don kada fuskarsa ta nutse ciki ko ya ciro ƙyalle ya sa baki.

Yadda za ta daɗe

A shimfiɗa tabarma tukuna, a ɗora darduma a kai. Kowace safiya a kakkaɓe ta, domin kunama tana son ƙarƙashin shimfiɗa. A riƙa shanya ta a rana. In yaro ya yi fitsari, a wanke ran nan, a shanya ta kwance, kada a rataye ta da ruwa don nauyi zai ja ɗinkin. Da damina a naɗe a rataye sama, gara tana cin auduga. Ko ta auduga ce, a nisanta ta da fitila da kaskon wuta. In wani wuri ya warware, basilla da zare sun isa gyara.

Ga makiyayi kuma, dardumar kitso ba ta karyewa kamar tsohuwar tabarma. Ana naɗe ta a ɗora wa jaki ran tashi, a shimfiɗa a sabon masauki.

In ana son sayarwa

Gida tukuna, kasuwa daga baya. Wadda ta yi ta farko ta biyu, hannunta ya faɗa, tana iya gwada ƙanana: abin share ƙafa, matashin kujerar tsugunne, shimfiɗar sirdin babur. Su ne ba su cin lokaci, kuɗinsu kuma bai fi ƙarfin mai saye ba. Akwai kasuwannin mako a Magariya da Dungas da garuruwan kewaye, ga kuma ta Maigatari a tsallaken iyaka ran Alhamis.

Kafin a yanka farashi a yi lissafi a takarda: kuɗin zare, kuɗin sabulu, itacen tafasa ruwa, abin da aka ba tela in ya sayar da ƙyalle, da kwanakin da aikin ya ci. In an karɓi naira, a juya ta zuwa sefa kafin a ce an ci riba. Mata biyar ko shida na unguwa ɗaya in suka haɗa kai, aiki ya fi sauri: wata na wanki, wata na tsagawa, biyu na kitso, biyu na ɗinki. Su shirya da tela ɗaya ya riƙa tara masu ƙyalle a buhu maimakon ya ƙone.

Tun ran gini ran zane. Gidan da yake son yara su kwana da ɗumi a watan Janairu, tun da kaka zai rataye buhu a bayan ƙofa, duk tufar da ta ƙare a jefa ciki. In buhu ya cika, a ɗora tukunyar ruwa a wuta, a nemo basilla.