Shirin Musamman: Raunin da Ake Ɓoyewa a Tailan

Yau shirin namu ya leƙa ƙasar Tailan, wadda rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya sa ta kan gaba a kudu maso gabashin Asiya wajen yawan masu kashe kansu, kimanin mutum 14 cikin kowane dubu 100. Alƙaluman hukumomin lafiyar ƙasar sun daɗe suna nuna abu guda: mata sun fi yawa cikin waɗanda ake kai wa asibiti bayan sun ji wa kansu rauni, amma maza ne suka fi mutuwa, wajen ninki huɗu. A ganina, bakin jama'a na da hannu dumu-dumu a wannan tazara.

Idan aka ga tabo a hannun budurwa 'yar sakandare, abin da ke saurin fitowa daga bakin mutane shi ne so take a kula ta. Da wannan kalma ɗaya an sallami maganar, ita kuwa sai ta koma sa riga mai dogon hannu cikin zafin Bankok. Namiji ko wannan bai samu ba. An tashe shi a kan cewa ɗa namiji ba ya kuka, a al'ummar da ke ganin ɗora wa wani damuwarka rashin kara ne, zubewar girma kuma abin gudu ne. Saboda haka manomin da bashi ya yi wa katutu a arewacin ƙasar, inda matsalar ta fi tsanani, ya gwammace ya fuskanci kwalbar giya da ya fuskanci likita. Ina zai je, alhali sunan asibitin Srithanya da ke Nonthaburi ya zama abin zolayar duk wanda ake so a kira mahaukaci? Mace an raina kukanta, namiji an hana shi yin kukan.

Wasu za su ce tsangwamar na da amfaninta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan ƙasar mabiya addinin Buda ne, kuma akwai imanin da ya bazu cewa wanda ya kashe kansa zai maimaita hakan a rayuwa 500 masu zuwa; tsoron wannan, in ji su, yana taka wa mutane birki. Wataƙila ya tsayar da wasu. Sai dai tsoron da ya ɗaure hannu shi ne kuma ke ɗaure harshe, har iyali su rufe abin da ya faru don gudun abin faɗa.

Wasu kuma na cewa a bar batun baki, talauci da ƙarancin likitoci ne tushen abin. Da gaskiyarsu: bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1997 adadin masu kashe kansu ya hau, ya kai ƙololuwa a 1999. To amma Tailan na da masu sa-kai na kiwon lafiya sama da miliyan 1 a ƙauyuka, da layin waya na 1323 da ake amsawa dare da rana. Duk wannan tanadi ba ya kaiwa ga mutumin da kunya ta hana shi buɗe baki.

Mai sauraro, in wani naka ya nuna maka rauninsa, mace ce ko namiji, zauna ka saurare shi, sannan ka raka shi wurin ma'aikacin lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.