Banɗaki da Tsofaffinmu: Yadda Za Ku Kare Su Daga Faɗuwa

Ku da kuke fita da sassafe zuwa kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale, kuna barin Baba ko Inna a gida, ku tsaya ku dubi banɗakin gidanku da idon wanda ya haura shekara saba'in. A yawancin gidajenmu, daga Hausa Zongo zuwa Sabonjida, banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, daɓensa siminti ne da ya sha ruwa har ya yi sumul, gansakuka ta kama kusurwa, kumfar sabulu tana kwance a bakin magudana. Matashi idan santsi ya kwashe shi sai ya dafa bango ya wuce. Tsoho kuwa ƙashinsa ya yi rauni, musamman mace bayan ta daina al'ada, kuma faɗuwa ɗaya tana iya karya masa ƙugu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ba a nan take takan kashe ba. Doguwar kwanciya ce ke biyo baya da gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Sannan dole wani a gidan ya rufe rumfarsa ya zauna jinya.

Ku lura da lokacin da abin ya fi faruwa: sa'ad da tsoho ya miƙe daga tsuguno. Idan mutum ya daɗe a tsugune ya tashi farat ɗaya, jini yakan ɗan jinkirta kafin ya isa ƙwaƙwalwa, sai jiri ya ɗebe shi, ido ya yi duhu. Maganin hawan jini da na barci suna ƙara wannan, haka ma ƙarancin ruwa a jiki cikin zafin Maris da Afrilu. Mai ciwon suga da ya daɗe ba ya jin ƙasa sosai a tafin ƙafarsa, mai yanar ido kuma ba ya bambance jiƙaƙƙen wuri da busasshe. Ku haɗa wannan da fitsarin dare, ko fitowa alwalar asuba cikin duhu ranar da aka ɗauke wuta.

Saboda haka gyara na farko shi ne wurin zama. A samar wa tsoho kujera mai ƙarfi, mai faɗin ƙafafu, wadda tsayinta ya kai gwiwa, ya yi wanka da alwala a zaune. 'Yar kujerar tsuguno ta yi ƙasa da yawa, kifaffen bokiti kuma gudu yake yi a kan ruwa. Idan masai na tsuguno ne, kafinta zai iya yin kujera mai rami a tsakiya a ɗora a kai. Sai abin riƙewa: mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe, birkila ya binne bakinsa cikin bango da siminti, ɗaya kusa da wurin wanka, ɗaya gefen masai. Ƙusa da igiyar shanya da kan famfo ba za su ɗauki nauyin mutum ba. Kafin Baba ya fara amfani da shi, wani ƙaƙƙarfa ya rataya a kai ya gwada.

Game da daɓe, muna da magana da masu sabon gini. Tayil mai ƙyalli yana da kyau a ido, amma idan ruwan sabulu ya taɓa shi ya fi tsohon siminti haɗari. Ku nemi mai kaushi. Tsohon daɓe kuma a goge shi da burushi mai tauri duk mako, musamman da damina, a buɗe magudana don kada ruwa ya kwanta. Silifa da gindinsa ya cinye a jefar da shi. Hanyar da ta tashi daga ɗakin tsoho zuwa banɗaki a kwashe jarkoki, turmi da itace daga kanta kafin a kwanta, a rataye fitila mai aiki da hasken rana a bakin ƙofa. Wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi, a aje masa fo mai murfi a ɗaki da dare. Ruwan wanka kuwa yaro ya kai masa.

Akwai batun kunya. Iyayenmu da yawa sukan zame su tashi su yi shiru, don kada a ce sun zama kaya. Ku tambaye su a keɓe, cikin ladabi, domin wanda ya taɓa faɗuwa ya fi kusa da sake faɗuwa. Ku roƙe su kada su sa sakata ta ciki. Zane a rataye a ƙofa ya isa shaidar akwai mutum. Su kuma yi wanka lokacin da akwai babba a gida.

Idan an faɗi, kada ku yi gaggawar ciccibar mutum. Ku rufe shi da zane, ku yi masa magana, ku tambayi inda ke ciwo. In ya kasa taka ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ku ɗauka ƙugu ya karye: kada a ja, kada a murza, kada a zaunar da shi a bayan babur. Ku kira 112, ko ku kwantar da shi a kan faffaɗan katako zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibiti mafi kusa, a ɗauki hoton ƙashi. Mun san mutuncin masu ɗori a wurinmu, amma wannan ƙashin yana can ciki inda karan ɗori ba ya kamawa, kuma sau da yawa sai da tiyata. In kai ne ya bugu, ku sa ido ko da ya ce lafiya lau: amai, ruɗewa, yawan barci ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko bayan kwanaki ne, a tafi asibiti nan take.

Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, likita ya duba ko akwai mai sa jiri. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, amma katin yana ƙarewa, sai an sabunta. Ku duba nasa yau.