Tarakta Ta Shiga Gona, Ina Labarin Turmi?

Yau zancenmu a kan tarakta yake, wadda wasu ke kira tantan. Kada wata ta ce wannan ai maganar maza ce, don duk abin da ta noma, a hannunmu yake ƙarewa.

Da farko, yaya ake ƙera ta? Kun dai san masu zubin tukwane a kasuwa, yadda sukan danna tukunya cikin damshin yashi ta bar siffarta, sa'an nan su kwarara narkakken ƙarfe a gurbin. To, haka ake zuba gangar jikin injin tarakta, sai dai ƙarfen baƙi ne, tukunyar narka shi kuwa ta fi ɗaki girma. In ya huce, sai injuna su goge shi, su huda ramukan da ake bukata daidai awo. Daga nan sai layin haɗawa, inda kowane ma'aikaci aikinsa ɗaya: wannan ya ɗaura giya, wancan taya, wani fenti. Ja ta Massey Ferguson ce, koriya mai rawayar ƙafa kuwa ta John Deere ta Amurka. An yi tayoyin baya manya masu zurfin tsaga ne don kada ta riƙa santsi a laka. Ƙarfen nan na baya mai ɗaga garma ya sauke, dabarar wani mutumin Ailan ce, Harry Ferguson, tun 1926.

Mu ma an taɓa haɗa ta a gida. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe masana'antar Steyr a Bauchi, a Kano kuma ana haɗa ta Fiat. Kayan daga Turai ake kawo su cikin akwatuna, mu namu ɗaurawa, shi ya sa da kuɗin waje ya yi wuya aikin ya durƙushe. A zamanin ne, cikin 1978, aka gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, mutanen yankinmu suka ga manyan injuna da idonsu.

Yanzu ga inda nake so ku saurara. A fadamun Gummi, bakin Gulbin Zamfara, tarakta kan yi kaftu a wuni guda wanda shanun huɗa za su yi kwanaki suna fama da shi. Maigida ya samu sauƙi, ya ƙara faɗin gona, madalla. Amma da kaka ta yi, wa ke sussuka? Wa ke sheƙa, da surfe, da turara shinkafa? Dami ya ƙaru, taɓarya tana nan yadda kakanninmu suka bar ta. Akwai babban injin girbi mai yanka, ya casa, ya sheƙe a tafiya ɗaya, amma shi sai shimfiɗaɗɗiyar gona mai shuka iri guda. Gonakin tudu na Anka da Bukkuyum, inda gero da dawa da wake ke cuɗe, ga kuka ga ɗorawa a tsakiya, ba wurinsa ba ne. Balle a 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutane gonakin nesa, mai tarakta ma ba ya son kai dukiyarsa daji.

A ganina, abin da ya fi dacewa da mu shi ne ƙaramin injin sussuka, wanda ake girkewa a bakin gari. Mata ashirin masu adashi, in suka daure, suna iya haɗa kuɗinsa, su sa wani ɗansu ya kula da shi, su riƙa karɓar ladan buhu. Ku fara tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Gusau ko Sakkwato kafin ku biya, don inji marar kayan gyara kwanciya yake yi ya zama wurin kwanan kaji.

Sai kuma hattara. A bayan tarakta akwai wani sanda mai juyawa fiye da sau 500 a minti ɗaya, shi ke tuƙa injin sussuka. In ya kama bakin zane ko gyale ba ya saki. Haka ma bel ɗin injin niƙa. Ki ɗaure zanenki tamau, ki soke mayafi, mai goyo kuwa kada ta matsa kusa sam. Ku kuma 'yan makaranta, ku hana ƙannenku ɗarewa kan murfin taya in direba zai koma gari, kujerar mutum ɗaya aka yi mata.